Gahwar da Kawu Mukhtaru Ya Ajiye

Shafi na 19

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ga shi. Wadda kuma ta ce in Kawu Mukhtaru ya ƙara wulaƙanta Nu'uman za ta fice daga zauren nan, ƙofa na nan inda ta bar ta.

*

An kwashe kwanuka.

Kawu Mukhtaru ya ci tuwon ƙanwarsa yadda ya saba ci duk Juma'a bayan an sauko daga Haramin Makka. Ya share malmala biyu, ya suɗe hannu, sannan ya ce miyar ta yi gishiri.

Nu'uman ya shigo majalisin, falon baƙi, da dallar gahwa, butar nan mai dogon baki, a hannun hagu, finjalai a dama. Tun safe yake fama da ita. Shi ya gasa ƙwayar, shi ya daka kayan ƙamshin. Umma ta ce ya bari ta yi, ya ƙi. Wanda ya shekara takwas yana haɗa wa Turawa gahwa a jirgin ruwan Italiya bai kamata ya kasa haɗa wa kawunsa ba, balle kawun da abin da yake nema ke hannunsa.

Abin da yake nema kuwa kowa a gidan ya san shi. A unguwar Jarwal ta nan Makka aka yanke cibiyarsa, amma da bizar umara ya shigo garin, kamar kowane baƙo daga Funtuwa. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu yana kan teku, bizar kuma ta kusa ƙarewa. Kawu ne kaɗai a dangi mai takardar ɗan ƙasa, mai kamfani, mai ikon ciro wa mutum bizar aiki. In ya yarda, Nu'uman zai fita ya dawo ya zauna kusa da uwarsa, wadda ciwon ƙoda ya mayar wa asibiti gida na biyu. In ya ƙi, zai fita ya riƙa ganinta a waya har ranar da wani zai ɗauki wayar a madadinta.

Ciki ɗaya Kawu da Umma suka fito. Uba ne daban, uban kuma shi ne takarda.

Yau Kawu bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da Malam Uzair, wani Basakkwace mai karatun digiri na uku a fiƙihu, wanda ya ba ɗaki kyauta a gininsa na nan unguwar Shisha. Kawu ba ya yawo da malami sai in ya riga ya yanke hukunci, yana neman wanda zai sa masa aya. Saboda baƙon, Umma ta zauna bayan labulen ƙofa, ba a ganinta, sai dai a ji ƙarar carbinta.

Nu'uman ya zuba kaɗan a gindin finjali, yadda ake yi a nan, don cika shi kora ce. Malam ya karɓa, ya yi bisimilla, ya kurɓa.

Kawu ma ya karɓa. Ya dubi gahwar. Ya dubi hannun da ya miƙo ta. Sai ya ajiye finjalin a kan darduma.

Duk wanda ya tashi a Makka ya san wannan. Baƙon da ya ajiye gahwa bai sha ba da magana ya zo, kuma ba zai sha ba sai an gama ta.

"Lafiya, Kawu?"

"Zauna."

"Mai zuba gahwa ba ya zama. Kai ka koya mini."

"Na koya maka abubuwa da yawa. Zauna."

Ya zauna, dallar na hannunsa.

"Zubaidatu, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya," in ji Umma daga bayan labule.

"Me ɗanki ya ce miki yana yi a jirgin nan?"

"Gahwa yake haɗawa."

"Gahwa." Kawu ya gyaɗa kai. "Ya walad, kai yaro, faɗa wa Malam yadda ake shanta a can. Ɗalibi ne, ba ya ƙin ƙarin ilimi."

Nu'uman ya lashi leɓe.

"A can ba a fara zama da ita, Malam. Sai an gama abincin dare, an ci kayan zaƙi, an share tebur. Ƙarama ce, baƙa wuluk, kurɓi biyu ta ƙare. Ba a sa madara. Wanda ya nemi madara bayan abinci kallon mara lafiya suke masa. In gahwa ta iso, kowa ya san zama ya ƙare."

"Ikon Allah," in ji Malam. "Mu mu buɗe magana da ita, su su rufe."

"Ita kaɗai take zuwa?" Kawu ya tambaya.

Nu'uman ya dubi finjalin da ke kan darduma.

"Na ce ita kaɗai take zuwa a kan tiren?"

"Wani lokaci da wani abu."

"Wane abu?"

"Abin da suke bin ta da shi. Wasu su ce a ɗiga musu a ciki, wasu a kawo a gefe."

"Sunansa nake tambaya. Da Hausa, don uwarka ta ji."

"Giya."

Bayan labule, carbi ya tsaya.

Kawu ya gyara zama. Ya daɗe yana jiran wannan rana, kuma ba shi da niyyar ta wuce da sauri.

"Ba labari aka ba ni ba, Zubaidatu. Da idona na gani. Kin tuna shekarar da aka rushe mana Jarwal, na je Italiya sayen marmara?"

"Na tuna."

"Masu kamfanin suka sa ni a jirgin shaƙatawa, wai tukwici. Jirage nawa ne a tekun nan? Amma Allah Ya kai ni nasa. Ina zaune sai ga ɗanki cikin farar riga, da tire a kafaɗa, gahwa a tsakiya, kwalabe sun kewaye ta kamar dogarai."

"Ba ka taɓa ce mana ka hau jirgi ba, Yaya."

"Asirin ɗanki na rufa."

Haka ne. Kawu na rufa asiri kamar yadda ake sa nama a firij, don ranar da za a buƙace shi.

Nu'uman ma bai manta daren ba, sai dai nasa ya fi na Kawu tsawo. Ya hango Kawu a teburin gefen taga tsakanin Turawa uku, cikin kwat da ba ta saba da shi ba. A lokacin ya shekara biyar bai ga fuskar gida ba. Ya manta da tire, ya manta da dokar aiki, ya nufi teburin da murna har ƙafarsa na harɗewa. Ya rusuna ya ce, "Khali," da Larabcin da yaran Makka ke kiran ɗan'uwan uwa.

Kawu ya dubi farar rigar, ya dubi abokan cinikinsa. Ɗaya ya tambaye shi ko ya san yaron nan.

Kawu ya girgiza kai. Ya ce da guntun Turancinsa baƙaƙen nan duk kama suke da juna. Turawan suka yi dariya, ganin wanda ya faɗa ya fi yaron baƙi. Sannan ya nemi a ƙaro masa sukari.

Wannan ɓangaren bai shigo labarin Kawu ba.

"Malam," in ji Kawu, "mene ne hukuncin mai ɗaukarta?"

Malam Uzair ya juya finjalinsa a hannu. Mutumin kirki ne, amma a ɗakin Kawu yake kwana.

"To, Alhaji, mai ɗaukarta da mai shayar da ita, la'anar ta haɗa da su. Wannan ba saɓani. Amma ƙofar tuba..."

"Ban tambaye ka amma ba."

Malam ya haɗiye amma ɗinsa, ya bi shi da gahwa.

"Nu'uman." Muryar Umma ta fito a hankali. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Umma."

"Ka sha?"

"Ban taɓa ba."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo. A ɗakin gahwa aka ɗauke ni. Daga baya na tarar kwalaben ma na ɗakin ne. Da na ce ba zan taɓa ba, a tasha ta gaba za su sauke ni, ba takarda, ba kowa."

"Kar ka ce mini dole ce," Kawu ya katse shi. "Ni ma na zauna a jirgin. Dare uku. Namansu ban taɓa ba, kifi kawai. Aka miƙo mini jan ruwan nan nasu, na kifa kofi. Suka yi ta lallashi, na ce ni ɗan Makka ne. Daga gahwa sai ruwan yansun ɗinsu, shi ke nan abin da ya shiga cikina."

"Yansun, wanda ake dafawa don ciwon ciki, a Italiya?" in ji Malam, don ya samu inda zai huta.

"Wallahi ya fi namu, Malam. Ba dafa shi suke kamar shayi ba. Garau yake kamar ruwan sama, a ɗan mitsitsin kofin gilashi, da ƙwayar gahwa uku suna yawo a sama. Tare da gahwar ake kawo shi. Zaƙi, ga wani ɗumi da ke sauka har ƙirji. Ka kurɓa, ka tauna ƙwayar. Kumburin cikin nan da ya addabe ni, ban ji shi ba har na sauka. Barci kuwa, asuba ta kusa kuɓuce mini. Na bi shagunan masu kayan ƙamshi na Jidda kaf, ba wanda ya san shi." Ya nuna Nu'uman da haɓa. "Ka gani? Ko a cikin ƙazanta, halal na nan ga mai nemansa."

"Awo," in ji Malam. "Allah Shi ƙara tsarewa."

Dallar ta yi wa Nu'uman nauyi. Ya ajiye ta a hankali don kada ta yi ƙara.

Ya san kwalbar. Ya san inda take zama, ta biyu daga hagu, bayan injin gahwa. Sambuka sunanta, giya ce. Ƙamshinta na yansun ne, amma ta ninka jan ruwan da Kawu ya kifa wa kofi ƙarfi.

Daren farko ba ruwansa. Shugaban masu hidima ne ya kai wa teburin kyauta tare da gahwa, yadda suke wa manyan baƙi. Kawu ya shinshina, ya ji ƙamshin abin da uwarsa ke dafa masa in cikinsa ya ɓaci, ya shanye.

Dare na biyu wani abokin aikinsa ɗan Filifin ya zo kantar gahwa ya ce, Balaraben nan baƙi na gefen taga yana son irin na jiya. Nu'uman ya tsaya da kwalba a hannu. Yana iya aikawa a ce masa ga abin da ke ciki. Yana iya zuwa da kansa. Yana iya cewa ta ƙare. Ya hangi teburin, ya ga kan nan da aka girgiza masa. Sai ya zuba. Ya zaɓi ƙwaya uku masu kyau ya jefa.

Dare na uku ya cika kofin har baki.

Da ya dawo Makka ya tsaya gaban Ka'aba ya yi kuka, ya tuba daga duk kofin da ya taɓa ɗauka a jirgin nan. Waɗannan biyun ne bai san yadda ake tuba daga gare su ba, don har yau in ya tuna, wani lungu na zuciyarsa daɗi yake ji.

Labule ya motsa.

"Yaya."

"Na'am."

"Ban taɓa roƙonka komai ba. Da aka ba ka takarda aka hana ni, ban ce komai ba. Da babansu ya rasu ka ce in bar gidan Jarwal, na bari. Yau ina roƙonka."

"Zubaidatu, ba a gaban baƙo ba."

"Kai ka kawo baƙon. Likita ba ya ɓoye mini komai yanzu. Ba na neman yaron nan ya yi arziki. So nake in an ɗauke ni zuwa Harami, kafaɗarsa na ƙarƙashin makarar. Ba na so a tura masa hoton kabarina."

A ƙasa wani mai tasi yana ta danna ham, yana zagin wanda ya tare masa hanya.

Kawu ya shafa gemu. Ba shi da mugun nufi da ƙanwarsa, kuma yana son yin afuwa, in dai da shaida a wurin.

"Tayyib," ya ce. "Ni ba azzalumi ba ne. Abin da ya ba Turawa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Su abin shansu ne tun kaka da kakanni, da shi da babu shi za su sha. Malam, ka ce ƙofar tuba?"

"A buɗe take, Alhaji."

"To, yanzu na tambaye ka. Abu ɗaya nake so. Miƙo Alƙur'ani, Zubaidatu."

Hannun Umma ya fito ta gefen labule riƙe da Alƙur'aninta mai koren bango. Hannun ya rame, bayansa duk tabon allura. Malam ya karɓa ya ɗora a kan matashi.

"Ka rantse," in ji Kawu, "cewa hannun nan bai taɓa zuba wa Musulmi ba. Ba na maganar wanda ba ka sani ba, jirgi kasuwa ce. Wanda ka san Musulmi ne, ka san yana salla. Ka rantse, in ɗauki gahwar nan in sha, ranar Lahadi a fara takardunka."

"Wannan sauƙi ne," in ji Malam, fuskarsa ta saki. "Alhaji ya kyauta."

"Alhamdu lillahi," in ji Umma. Carbi ya ci gaba. "Allah Ya saka, Yaya. Tashi, Nu'uman."

"Kana da alwala?" Kawu ya tambaya.

"Ina da ita."

Bai taɓa baƙin cikin riƙe alwala ba sai yau.

Ya matso. Magana ɗaya ce, ba ta kai tsawon kurɓin gahwa ba. Ba wanda ya san gaskiya a duniya sai shi da wani ɗan Filifin da ko sunansa ya manta. In ya faɗe ta, Kawu zai sha gahwarsa, Malam zai yi addu'a, Umma za ta yi barci yau. Ya ɗaga hannu. Ya ga koren bangon ya koɗe daidai inda yatsun Umma ke kamawa kullum.

Ya mayar da hannun kan gwiwarsa.

"Ba zan iya ba."

"Me ka ce?"

"Ba zan iya rantsuwa ba, Kawu."

"Nu'uman," in ji Umma, "ba ka ji abin da ya ce ba ne? Wanda ka sani, ya ce."

"Na ji, Umma."

Kawu ya juya ya dubi Malam, da fuskar wanda ya ba da sadaka aka dawo masa da ita.

"Ka gani ko? Na buɗe masa ƙofa, shi da kansa ya ƙi shiga." Ya dawo kan Nu'uman. "Mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Ka san shi?"

"Na san shi."

"Yana salla?"

"Sahun gaba."

"La haula. Wane irin munafuki ne wannan, sahun gaba a masallaci, kwalba a teku?"

Malam ya ɗan ɗaga hannu. "Tsaya, Alhaji. Ɗan'uwa, shi mutumin, ya san mi yake sha?"

"Bai sani ba."

"Kai ka sani?"

"Na sani."

"Inna lillahi." Malam ya sunkuyar da kai. "To shi ba laifi gare shi. Nauyin duka naka ne. Kuma wannan ya wuce tsakaninka da Allah, haƙƙin bawa ya shigo."

Nan take munafukin ya koma bawan Allah a bakin Kawu.

"Ka yaudari bawan Allah. Ya amince da hannunka, ka zuba masa wuta a ciki, ya tafi gida yana salla bai san abin da ya shiga jikinsa ba. Malam, ba dole ne ya neme shi ya roƙi yafiya ba?"

"Haka ya fi, Alhaji. In ya san inda yake."

"Ka san inda yake?"

"Na sani."

"Faɗi sunansa. Ni da kaina zan kai ka, in tsaya a kanka har ka durƙusa masa. In ya yafe, in duba maganarka. In bai yafe ba, ka tattara ka koma wa kifayenka."

Nu'uman ya dubi Malam Uzair.

"Malam, don Allah ka ɗan ba mu wuri."

Malam ya yunƙura da saurin wanda ya daɗe yana neman ƙofa. Kawu ya danne masa gwiwa.

"Ba inda zai je. A gabansa ka fara, a gabansa za ka ƙarasa."

"Kawu, ya fi mana ya fita."

"Ya fi maka dai."

"Nu'uman." Muryar Umma ta canja. Ita ta haife shi, kuma ta fi yayanta saurin lissafi. "Yi shiru. Kada ka ƙara ko kalma."

"Ke za ki yi shiru," in ji Kawu. "Kin gama lalata shi da rufa-rufa." Ya matso har gwiwarsa ta kusa ture finjalin da ya ajiye. "Dube ni, ya walad. Mutum ba ya yi wa mutum haka a banza. Me ya yi maka, bawan Allahn nan?"

Nu'uman ya ɗago ya dube shi.

"Na kira shi khali a gaban mutane, ya ce bai san ni ba."